Bulon da ya karye a cikin buwat ɗin tsohuwar mota

  Ina gaida manoma da makiyaya, ina gaida direbobi da yaran gareji, ina kuma gaida ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci na Ajekoriya, cikin ƙasar Dakoro.

Yau zancenmu a kan wani ɗan ƙarfe ne. Tsawonsa bai kai yatsa ba, amma in ya karye yana iya zaunar da mota sati guda. Mu nan Nijar muna ce masa bulon. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna ce masa noti ko ƙusa. Wurin da ya karye kuwa shi ne buwat, akwatin giya ke nan, wanda a Kano da Katsina ake ce wa giyabos.

A ajina akwai wani dattijo, direba ne. Yana da tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Ita ke kwasar buhunan hatsi da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwa. In dare ya yi, naƙuda ta tsananta wa wata mata, ƙofar gidansa ake bugawa a kai ta likita Dakoro. Bayan girbi sai na ga dare uku bai zo aji ba. Na tafi gidansa, na tarar da shi zaune a inuwar motar, ya yi tagumi.

Na ce, "Baba, lafiya ba mu gan ka ba?"

Ya ce, "Malam, ina fa lafiya. Yaron nan ya karya mini bulon a cikin buwat."

Ga yadda abin ya faru. Yaronsa ya ga mai yana ɗiga daga murfin baya na buwat. Ya ɗauko kile mai lamba 13, ya ɗaure bulon. Mai bai daina ɗiga ba. Sai ya zura dogon bututu a kan kile don ya sami ƙarfi, ya danna. Ya ji ƙas! Kan bulon ya faɗo ƙasa, gindinsa ya saura a cikin rami, daidai da fuskar ƙarfe, babu inda za a kama. Wani maƙwabci ya zo da guduma da ƙusar kafinta wai zai taimaka, ya ƙara tattauna bakin ramin. Mota ta zauna, kasuwa ta ci ba da ita ba.

Ni malamin makaranta ne. Abin da zan gaya muku na tsaya na gan shi da idona, na tambayi masu sana'ar, na kuma karanta. Wanda ke da allo ko takarda kusa, ya ɗauko, don akwai lambobi da za mu rubuta.

Me ya sa ba a cewa a jefar da tsohon buwat a sayi sabo? Don motocin nan sun tsufa. Peugeot 404, wadda iyayenmu ke kira kat-san-kat, ta fito a Faransa a 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, mai buɗaɗɗen bayan kuwa a 1979. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna, ta yi shekaru tana harhaɗa 504, daga baya aka daina. Yau babu inda ake ƙera su. Wanda ya fasa buwat ɗinsa sai ya shiga neman na hannu, wanda aka ciro daga wata matacciyar mota, a Maradi ko a ƙetaren iyaka, ya biya jikkuna masu yawa, kuma bai san ciwon da ke cikinsa ba. Saboda haka ramin nan da bulon ya karye a ciki ya fi bulon ɗin daraja nesa ba kusa ba. Ku riƙe wannan, don duk dabarun da za su biyo baya a kansa suka tsaya. Bulon ya riga ya mutu. Ramin muke so mu ceta.

To, ƙarfe biyu ne suka haɗu a wurin. Bulon baƙin ƙarfe ne, mai tauri. Jikin buwat ɗin 504 kuwa alminiyam ne, farin ƙarfen nan mai laushi da maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludaya. In waɗannan biyu suka daɗe manne da juna, ruwan damina yana shiga tsakaninsu, sai wata farar tsatsa kamar toka ta fito ta cika haƙoran ramin, ta kama bulon gam. Wannan ita ce hanya ɗaya da bulon ke karyewa, wato wajen kwancewa. Ɗaya hanyar ita ce wajen ɗaurewa, kamar yadda ya sami yaron Baba. Akwai kuma wanda girgizar hanya ke gajiyar da shi sannu a hankali har ya tsinke da kansa. Ya kamata ka san wanne ne naka. Wanda ya karye wajen ɗaurewa sau da yawa ba ya da wuyar fita, don da kansa ya cire, nauyin da ke kansa ya sauka. Wanda tsatsa ta kama, shi ne mai taurin kai.

Abu na farko, ka aje guduma. Ka wanke wurin da kananzir ko gazuwal, ka goge, ka kawo fitila ka duba da kyau. Gindin ya ɗan leƙo waje? Ko daidai yake da fuskar ƙarfe? Ko ya nutse ciki? In wurin ya matse, hannu ba ya shiga sosai, ido ba ya gani, a sauke buwat ɗin ƙasa. Na san aiki ne na yini guda. Amma mutumin da ke kwance cikin rairayi a ƙarƙashin mota, ƙura tana zuba masa a ido, ba ya huda ƙarfe daidai. In kuwa dole sai an shiga ƙarƙashi, kada a dogara da jak kaɗai, rairayinmu yana zamewa. A sa kututture mai ƙarfi, a tare ƙafafun mota da duwatsu.

Daga nan sai jiƙo. A zuba man kwance tsatsa irin na gwangwani, in babu a gauraya kananzir da ɗan man inji. A ɗora ƙarfe mai tsini a kan gindin bulon, a riƙa bugawa da ƙaramar guduma sannu sannu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Bugun yana farfasa tsatsa, mai ya sami hanyar shiga. A bar shi ya kwana. Da safe a ƙara. Masu gaggawa suna raina wannan mataki, alhali shi ne mafi araha.

Sai zafi. Ku saurara da kyau a nan. Kowane ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta, amma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ke nan in aka ɗumama jikin buwat kewaye da ramin, ramin zai saki bulon kaɗan. Amma akwai haɗari. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka tun kafin ya narke. Alminiyam ba ya gargaɗi. Yana narkewa a digiri 660, kuma har ya kai can launinsa ba ya sakewa, sai dai ka ga wurin ya lotsa kamar man shanu a rana. Don haka ana yawo da harshen wuta ne, ba a tsayar da shi wuri ɗaya. A ɗiga ruwa. In ya yi cuu ya ƙafe nan take, zafi ya isa. Kafin a kawo wuta kusa, a tsiyaye man buwat, a goge kananzir, a nisanta daga tanki da tiyon fetur, a aje bokitin rairayi kusa.

In gindin ya leƙo waje, ka yi sa'a. Ka sa magagari ka gyara masa gefe biyu su yi faɗi, ka kama da filaya mai kulle. Ko ka tsaga kansa da zarto, ka sa sukundireba mai faɗin baki. Kwancewa hannun hagu ake yi, wato saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. In ya motsa kaɗan, kada murna ta sa ka murɗe gaba ɗaya. Ka mai da shi dama kaɗan, ka zuba mai, ka sake zuwa hagu. Gaba da baya, gaba da baya, har ya saki jiki.

In daidai yake da fuska, a fara gwada ƙarfe mai tsini. A kafa tsinin a gefen gindin bulon, a karkata shi, a riƙa bugawa yana tura bulon wajen hagu. A kan bulon za a kafa, ba a kan alminiyam ba. Kuskuren maƙwabcin Baba ke nan, ƙusarsa ta riƙa zamewa tana cin bakin rami.

In wannan bai yi ba, a nemi mai walda. Ni a ganina duk cikin dabarun nan babu kamar wannan, kuma ita ce ta fid da Baba. Aka sauke buwat, aka ɗaure shi a bayan babur, aka kai wa wani mai walda a Dakoro. Ya ɗauko washa mai huda da ta ɗan kasa faɗin bulon, ya ɗora a kan gindin. Ya sa walda ta cikin hudar, ya haɗe washa da bulon. Sa'an nan ya ɗora noti a kan washa, ya cika cikinsa da walda. Amfanin abin biyu ne. An yi wa bulon sabon kai da kile zai kama. Kuma zafin walda ya ratsa shi har gindi, ya kumbura, in ya huce ya tsuke, tsatsa ta farfashe. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyam, washa kuma tana kare bakin rami. Sai dai ana yi ne kaɗan kaɗan, ana ɗagawa, kada zafi ya taru.

Mai waldan ya bar shi ya huce, ya sa kile. Noti ya ɓalle. Ya sake wani, ya sake ɓallewa. Baba ya fara salati. Mutumin ko a jikinsa, ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kowane zafi da ya sha yana ƙara sakinsa." A na uku muka ji ɗan ƙara, ƙiii, bulon ya motsa. Ya yi ta kai shi yana komowa da shi yana zuba mai, har ya fito duka, haƙoransa fari fat da tsatsa. Haƙoran ramin kuwa ba abin da ya same su.

Wanda zai yi walda buwat yana jikin mota, ya cire wayar batir tukuna. Ya kuma maƙala wayar ƙasa ta walda dab da wurin aiki, don kada wuta ta bi ta cikin boris da haƙoran giya ta ƙona su. Yara masu kallo a kore su, hasken walda yana cin ido.

Saura mai wuyar, wanda ya nutse cikin rami inda walda ba ta kaiwa. Nan sai huda. Dukan aikin yana ga bugun farko. A daidaita fuskar gindin in an iya, a kafa ƙarfe mai tsini a tsakiyarsa cif, a buga alama. In alama ta kauce, bakin huda zai zame daga ƙarfe mai tauri ya faɗa mai laushi, ya cinye ramin da muke son ceta. A fara da ƙaramin baki, milimetir 3. Injin ya tsaya a miƙe, wani ya tsaya gefe yana duba maka. A riƙa ɗiga mai, kada a matsa. A auna zurfin wani rami ɗan'uwansa da tsinke, a ɗaura zare ko salatif a jikin bakin huda daidai wannan zurfi, don kada a zarce a ɓula cikin buwat. Garin ƙarfe in ya shiga cikin giya, ya zama wani sabon ciwo. Akwai bakin huda mai cin hagu. In an same shi, kuma injin yana juyawa baya, ya fi, don sau da yawa yana cikin huda sai ya kamo bulon ya fito da shi.

Akwai wani ƙarfe da ake sayarwa musamman don wannan aiki, siriri, mai haƙoran hagu, Faransawa suna ce masa wutsiyar alade. Ana huda bulon, a cusa shi, a murɗa hagu. Ina gargaɗinku da shi. Yana aiki ga bulon da ba ya da tsatsa. Amma ga wanda ya kafe, yana ƙara buɗa shi ya matse cikin rami, kuma ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsinke kamar kwalba. In ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa. Ka tashi daga wahala ɗaya ka koma biyu. In ka murɗa da ɗan ƙarfi ka ji bai motsa ba, cire shi.

Abin da ya fi shi ne a ci gaba da huda, ana ƙara girman baki kaɗan kaɗan, har bulon ya zama ɓawo. To, ga lambobin, ku rubuta. Bulon mai kaurin milimetir 6, bakin ƙarshe 5. Mai 7, bakin ƙarshe 6. Mai 8, bakin ƙarshe 6,8. Mai 10, bakin ƙarshe 8,5. Na sake faɗi: 6 da 5, 7 da 6, 8 da 6,8, 10 da 8,5. Kada a wuce haka. In huda ta tafi daidai, abin da zai saura siririn ƙarfe ne naɗe cikin haƙoran rami kamar waya, sai a tsince shi da allura ko tsinke. Daga nan a bi ramin da ƙarfen yanka haƙora, wanda makanikai ke ce wa taro, a shafa masa giris don ya kwaso garin ƙarfe.

Ga wata dabara da ta ba ni mamaki ranar da na fara jin ta. Alif ɗin nan da mata ke sa wa ruwa mai laka don ya kwanta, in aka narka shi da yawa cikin ruwan zafi, yana cin baƙin ƙarfe, amma ba ya cin alminiyam. Ana amfani da shi in taro ko bakin huda ya karye cikin rami. Sai an kwance ɓangaren shi kaɗai, an raba shi da duk wani baƙin ƙarfe, an wanke mai, a sa shi cikin tukunyar alminiyam ko ta ƙasa, ruwan yana kan wuta kaɗan kaɗan. Aiki ne na haƙuri, yana iya cin kwanaki.

In kuwa an riga an ɓata haƙoran ramin, ba a fid da rai ba tukuna. Akwai wata waya mai kama da sifirin, Helicoil, da ake faɗaɗa rami kaɗan a murɗa ta ciki, ta zama sababbin haƙora, bulon mai lambar da ya koma wurinsa. Ko a yanka haƙoran 10 a inda 8 yake, in naman ƙarfen da ke kewaye yana da kauri. In siriri ne, kada a yi, zai tsage.

Yanzu mu koma ga yaron da bututunsa, don mu ga lissafin abin. Bulon mai milimetir 8, mai kyau, ƙarfin ɗaurin da yake bukata kamar nauyin kilo 2 da rabi ne a bakin sanda mai tsawon metir 1. Kilo 2 da rabi, kusan tiya guda ta hatsi ke nan. Kile mai lamba 13 ba ya wuce santimetir 20, wato kashi ɗaya cikin biyar na metir. Ke nan a bakin kile nauyin tiya 5 ake so. Hannu ɗaya ya isa. To, yaro ya sa bututu mai metir 1, ya danna da nauyin kilo 20. Kilo 20 tiya nawa ke nan? Tiya 8. Ya ba bulon ninki 8 na abin da aka yi shi dominsa. Ba banza maƙeran kile suka yi ƙanana gajeru, manya dogaye ba. Kuma ɗigar mai ba ɗauri take so ba. Takardar da ke tsakanin murfi da jikin buwat ce ta mutu, ita za a sake.

Wajen mayarwa, a busa ramin a tsane shi. In mai ko ruwa ya kwanta a gindin rami aka ɗaure bulon a kansa, ba ya da wurin gudu, yana iya tsaga alminiyam. Sabon bulon ya zama tsawonsa ɗaya da tsohon. A shafa masa ɗan giris. A fara murɗa shi da yatsu, ya shiga zagaye huɗu ko biyar ba gardama, kafin kile ya taɓa shi. In ya cije tun a zagaye na biyu, haƙoransu ba ɗaya ba ne. Wannan yana yawan faruwa a garejin da ake tara bulon na kowace mota cikin gwangwani guda. Peugeot tana da bulon mai milimetir 7, na kile 11, wanda ba kasafai ake ganinsa a motocin Japan ba. Tsofaffin Land Rover na Ingila kuwa awon inci gare su. Akwai nasu da ke kama da mai 8 har ido ba ya rabewa, amma tazarar haƙoransa dabam ce, in aka tilasta shi sai ya nike ramin.

A kan kowane bulon na kirki akwai lamba. Ku ɗauko ɗaya ku goge kansa ku gani. In kun ga 8.8, mai ƙarfi ne, mai kaurin milimetir 8 yana ɗaukar kusan tan 3 kafin ya tsinke. In 4.6 ne, rabin haka yake ɗauka, na ƙofa da amalanke ne. Mai 10.9 ya fi 8.8 ƙarfi. Wanda ba ya da lamba ko ɗaya, kada a sa shi a buwat.

Da muka fito daga wurin mai walda, muka biya wajen mai sayar da kayan mota. Ya zubo wa Baba bulon huɗu a tafin hannu, sababbi, suna walƙiya. Baba ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya juya kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da uku. Ya ce, "Ɗana, waɗannan ba su da rubutu. Ba ni irin wannan mai takwas da ɗigo da takwas." Mai kanti ya dube shi, ya koma ciki ya kawo. Washegari da la'asar aka ɗora buwat, aka sa sabuwar takarda, aka zuba mai. Baba ya sa yaron ya ɗaure da hannunsa, da gajeren kile, bututun kuwa ya ba matarsa ta tokare ƙofar akurki da shi.

Masu aji, aikinku na wannan sati shi ne kowa ya nemo bulon guda, ya karanta lambar da ke kansa, ya rubuta ta a allo, ya kawo wa malaminsa. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.